Littafin da ka gama kwanan nan, maki nawa ka ba shi?

Anti Admin: Assalamu alaikum jama'a. Wata ya ƙare, kowa yazo ya faɗi littafin da ya gama da makin da ya bashi daga 1 zuwa 5. Sharaɗin dai kamar kullum, sai wanda ka karanta har bangon ƙarshe ba wanda ka leƙa ka ajiye ba, kuma in ka bada maki ka faɗi dalili, bama son "yayi daɗi" kawai. Bismillah.

Mai Karatun Dare: Wa alaikumus salam Anti. Ni Shaihu Umar na gama, na Tafawa Ɓalewa, kuma 3 na bashi. Nasan za'a yi min ca amma ku tsaya kuji tukuna. Inda uwar ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi aka tsallaka sahara da ita, wallahi wajen ya taɓa ni ba kaɗan ba. Amma shi Umar ɗin fa? komai yi masa ake yi, a sace shi, a ɗauke shi, Balarabe Abdulkarim ya tafi dashi Masar, a koya masa karatu, shi dai haƙuri haƙuri haƙuri, ban ga inda ransa ya ɓaci ba ko ya tambayi kansa me yasa duk wannan ya faɗo a kaina. Mutum ne fa ba mala'ika ba.

Uwar Biyu: Tab, 3? Bari Malam ya shigo ka gani

Malam Ticha: Ina nan ai, ina karantawa. Ɗana, ka duba wanda yake ba da labarin da kuma waɗanda yake ba wa. Dattijon malami ne zaune a gaban almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa bayan komai ya wuce. Malamin da ya tsufa ba zai zauna yana nuna wa almajirai ɓacin ransa na ƙuruciya ba, abin da zai nuna musu shi ne ƙaddara da haƙuri. Zafin da kake nema yana nan, amma a wajen uwar aka ajiye shi. Ta sha duk wahalar nan, ta gan shi, ba a daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya yi maka dogon kuka ba, ya faɗa ya wuce, kuma wannan wucewar ita ce take hana mutum barci. Sannan ka tuna an rubuta shi ne don gasar rubutun Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, lokacin da ƙagaggen labari da boko bai kafu ba, marubucin kuma yana ɗan shekara ashirin da kaɗan. Ni 5 nake ba shi.

Mai Karatun Dare: Malam Allah ya ƙara girma, bayanin murya na yarda dashi ɗari bisa ɗari. Amma maganar 1933 ɗin nan ita ce bana so, kenan ana ƙara wa littafi maki saboda ya tsufa?

Ɗan Jami'a: Nan kam ina bayanka. Ruwan Bagaja ma ai gasar ɗaya suka shiga, 1934 aka buga su, kuma Abubakar Imam shima matashi ne lokacin an haife shi 1911. Amma yau ka ɗauko shi ka karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ƙulla wa juna sharri gari gari sai ka yi dariya kai kaɗai kamar zararre, babu wanda zai ce maka ayi masa uzuri tsoho ne. Littafin da yake buƙatar uzuri ai da sauransa.

Malam Ticha: Ban nema masa uzuri ba. Cewa na yi a san abin da ake aunawa. Ruwan Bagaja dariya ya zo ba ka, ya kuma ba ka. Shaihu Umar bauta ya zo nuna maka daga ciki, daga fadar da ake shirya harin kamo bayi har zuwa ayarin da guguwar rairayi ta binne. In ka auna shi da ma'aunin dariya ka zalunce shi.

Mai Karatun Dare: Toh na ƙara rabi saboda uwar. 3 da rabi, daga nan ba ƙari Malam hhhh

Autar Mama: Salam yayyena. Ni The Alchemist na gama na Paulo Coelho, 5 cif, da akwai 6 ma zan bashi. Kai littafin nan kamar dani yake magana wlh, duk inda na buɗe sai naga abinda yake damuna

Ɗan Jami'a: Ƙanwata kiyi haƙuri ni 2 na bashi. Makiyayi ya bar Andalus ya tsallaka teku ya ratsa sahara har dalar Masar, ƙarshe aka ce masa ai dukiyar tana binne a tsohon cocin da ya kwana tun farko. Wannan labarin yana cikin Dare Dubu Da Ɗaya tun kafin a haifi kakan Coelho, mutumin Bagadaza da yayi mafarkin arzikinsa yana Alƙahira, can shafi biyu ne ya ƙare, shi kuma a 1988 ya jawo shi ya zama littafi guda

Shiru Kake Ji: Haba malam!! Ina tsakiyar littafin fa, yanzu ya bar shagon mai kayan gilashi, ka zo ka tona min ƙarshen gaba ɗaya. Wannan wane irin abu ne

Anti Admin: Ɗan Jami'a ka ji ko. Duk wanda zai taɓa ƙarshen labari ya fara rubuta gargaɗi a sama, an sha faɗa.

Ɗan Jami'a: Afuwan Anti. Shiru ka ci gaba da karatunka ai hanyar ce labarin inji masoyansa

Malam Ticha: Ɗan Jami'a, ɗazu kai ne kake yabon Imam. To Magana Jari Ce da ya fito tsakanin 1937 da 1939, labaransa da yawa aro ne, wasu daga Dare Dubu Da Ɗaya ɗin nan da ka ambata, wasu daga tatsuniyoyin Turawa da na Indiya, ya sa su a bakin aku ya mayar da su Hausawa sak, har mai karatu ya rantse a gidan sarkin garinsu aka yi. Ka rage masa maki saboda haka? Aro ba laifi ba ne a adabi, abin dubawa shi ne me mai aron ya yi da shi.

Ɗan Jami'a: Malam ka kama ni ta nan. Amma to me Coelho yayi da nasa aron? Wa'azi ɗaya ne yake ta maimaitawa, sarki ya faɗa, mai shago ya faɗa, Bature ya faɗa, mai alkimiyya ya faɗa, har iska da rana sai da suka faɗa. Kowa a littafin malamin falsafa ne, babu mutum ɗaya da yake magana irin ta mutane. Fatima budurwar makiyayin kuma aikinta kawai ta zauna a zango tana jira

Autar Mama: Yaya duk naji, amma ni lokacin da na karanta shi ina cikin wani hali ne, na nemi abu ban samu ba har na cire rai, littafin ne ya tashe ni na sake gwadawa. To ince masa 2 saboda Fatima bata da aiki? Ni abinda yayi min nake ba maki

Uwar Biyu: Ki bar su Auta, makinki ne ba na gado ba

Anti Admin: Wannan fa ita ce rigimar da muke yi duk wata, wani yana auna gwanintar marubuci wani yana auna abinda ya ji a ransa, kuma duk lamba ɗaya muke rubutawa. Mu ci gaba dai. Uwar Biyu ke me kika gama?

Uwar Biyu: GARGAƊI zan taɓa ƙarshe, Shiru ka rufe ido. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat, 4 na bashi kuma ɗayan da na cire saboda ƙarshen ne kawai. Rabi, mace da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta da yaranta kamar ba'a taɓa zaman arziki ba, ta tashi ta kama sana'a ta riƙe yaran nan ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, ta fara numfashi kenan ta san daɗin kanta, sai gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu ya tsiyace Delu ta kama gabanta, shikenan sai kowa ya taso wai Rabi ta koma, 'yan uwa su matsa suruki ya matsa, wai don 'ya'ya wai don mutunci, lokacin da take wahala ina duk suke? Na rufe littafin raina a ɓace wallahi kamar ni aka mayar

Mai Karatun Dare: Anti amma ai gaskiya ta rubuta, haka ake yi. Da ta sa Rabi ta ƙi komawa ta zama hajiya mai motoci da sai muce tatsuniya ce

Uwar Biyu: Waye yace motoci? Ɗakinta da sana'arta da kwanciyar hankalinta kawai nace a bar mata

Malam Ticha: Hajiya, ɓacin ran nan da kika ji, ina ganin shi marubuciyar take so ki ji. Ba ta nuna Rabi tana murnar komawa ba, tilasta mata aka yi, kuma an nuna miki masu tilastawar ɗaya bayan ɗaya. Littafin 1990 ya fito, yau fiye da shekara talatin, har an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, ga shi kuma har yanzu yana ɓata ran mai karatu a daidai inda ya kamata. Kada ki ci marubuciya tara a kan laifin mutanen da ta zana.

Uwar Biyu: Malam na gane maganarka kuma da gaskiyarka a rabi. Amma ba komawar kaɗai ba ce, saurin ne. An ɗauki babi da babi ana nuna min wahalarta dalla dalla, gardamar kuɗin cefane, rainin Delu, komai a tsanake, da aka zo wajen da yafi komai nauyi sai aka bi ta kai da gudu. Ina son in zauna a cikin zuciyar Rabi daren da ta san ba makawa sai ta koma, me take faɗa wa kanta, wa take jin haushi, wannan daren ne ban samu yadda nake so ba. Shi na cire wa maki ba al'umma ba

Ɗan Jami'a: Wannan kam suka ce ta gaske, ta zubi da tsari. Anti ki zo ki karɓi ajinmu

Malam Ticha: Idan haka ne na janye. Wannan hujja ce.

Abu Hanif: Salam. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim. 1. Da akwai sifiri shi zan bayar. Dattijuwa mai shekara 55 da jikoki, bazawara mai zuwa islamiyya, a haɗa ta da ɗan daba mai sayar da wiwi sa'an ɗanta, kuma a zauna ana kwatanta abin. Me ake koya wa mutane? Na gama shi ne kawai don kar ace ban karanta ba nake magana

Ɗan Jami'a: Ni kuma 5. Malam Abu Hanif ka karanta har ƙarshe kace, to ka ga sun ci riba? Babu wanda ya fita lafiya a littafin nan. Kuma ba labarin iskanci bane zalla, dattijuwar, Hajiya Binta, tana ganin ɗanta na fari ne a fuskar ɗan daban, Reza, ɗan da kunya ta hana ta ko kiran sunansa har 'yan sanda suka kashe shi bata taɓa nuna masa so ba, shi kuma Reza uwarsa ce ta tafi ta barshi tun yana yaro. Mutum biyu masu ciwo ne suka haɗu ta hanyar da bata dace ba. Ga kuma yadda sanata yake amfani da yaran nan lokacin zaɓe ya gama ya yar. Ba banza ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala dubu 100 a 2016 ba

Abu Hanif: Alƙalan kyautar ba su za su tsaya min gaban Allah ba. Ni ban ce bai iya rubutu ba, ya iya, shi yasa ma abin yafi damuna, da bai iya ba ai da ba wanda zai karanta

Anti Admin: Toh kaga kai da bakinka kace ya iya rubutu, amma ka bashi 1. Kenan 1 ɗin na jigo ne ba na salo ba

Abu Hanif: Eh Hajiya, kuma ni a wajena jigo ne gaba. Zan iya miƙa wa ƙanwata shi? Bazan iya ba. To shikenan

Uwar Biyu: Ni ma bazan ba 'yata ba yanzu, amma ni na karanta kuma 4 na bashi. Ba kowane littafi aka rubuta wa 'yar shekara sha biyar ba Malam. Mata nawa ne mazansu suka rasu aka ɗauka su ma zuciyarsu ta mutu, daga tabarmar sallah sai rainon jikoki, ba wanda yake tambayarsu ya suke. Ban goyi bayan abinda Binta tayi ba ko kaɗan amma na gane kaɗaicin

Abu Hanif: Ai akwai aure, wani dattijo ma ya nema ta ƙi

Uwar Biyu: Wannan kuma muhawarar wata ranar ce, in muka shiga nan sai asuba

Shiru Kake Ji: Na buɗe ido? 

Anti Admin: Buɗe hhhh. Kai me ka gama kafin wanda aka ɓata maka?

Shiru Kake Ji: Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Funtuwa yayi wa Animal Farm na George Orwell. 5. Na taɓa karanta na Turancin a sakandire don jarrabawa ban ji komai ba, amma da na ga Maitumbi da Akawal da sunayensu na Hausa sai abin ya zauna. Inda aka zo da mota aka ɗauki dokin nan Akawal bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a aiki, dabbobi suna ɗaga masa hannu sun ɗauka asibiti za'a kaishi, sai da jakin ya karanta musu abinda aka rubuta a jikin motar. Kai

Mai Karatun Dare: 5

Abu Hanif: Nan kam ba gardama, 5

Ɗan Jami'a: 1945 Orwell ya fitar dashi akan Rasha ta zamanin Stalin amma ko ina ka karanta shi sai ka rantse da shugabanninku yake. Yadda ake tashi da safe a ga an ƙara kalma a dokokin jikin bango kowa yana cewa anya haka yake jiya, wannan kaɗai ya isa 5

Autar Mama: Tunda an huce bari in kawo na biyu. Wani littafin onlayin ne na soyayya bazan faɗi suna ba kar masoyan marubuciyar su cinye ni, feji sama da ɗari. 2 na bashi. Farkonsa kamar me, har bana iya ajiye waya, amma daga tsakiya sai aka koma kwatanta leshi da mota da falo, jaruma ta suma a feji na 40 ta suma a na 55 ta sake suma a na 70, miji miskili mai kuɗi baya dariya sai gefen baki, kishiya ta tafi wajen boka, an manta da ƙanin jarumar da aka sace tun farko har littafin ya ƙare ba'a dawo dashi ba. Amma ku shiga guruf ɗin marubuciyar ku gani, kowa "Anti kin gama komai, Allah ƙara basira", wata tace labarin ya fara ja aka cire ta

Uwar Biyu: Hhhh yaron yana hannun ɓarayi har yau, Allah ya kuɓutar dashi

Ɗan Jami'a: Matsalar rubutun kullum kullum kenan, ana turawa ana rubutawa, ba edita ba komawa baya a gyara, kuma in masu karatu suna ihu a ƙara to sai a ƙara ko labarin ya ƙare. Akwai masu baiwa sosai a cikinsu fa, da za su samu mai ce musu yanke nan da an ga abu. Kuma ba mu kaɗai bane, ka shiga Goodreads, shafin ba littattafai maki a intanet, ka ga littafin da bai ma fito ba masoya sun riga sun zuba masa taurari biyar

Autar Mama: Kaga Yaya ashe nima na iya bada 2

Ɗan Jami'a: Na gani, saura ki sake duba na makiyayin

Autar Mama: A'a wannan ka barshi

Hajiya Mai Gilashi: Assalamu alaikum 'ya'yana, na makara. Ni Ar-Rahiƙul Makhtum na sauke, tarihin Manzon Allah SAW na Shaikh Safiyurrahman Mubarakfuri. Amma ni kam ba zan iya sa masa lamba ba, nauyi nake ji, ta ya zan ce sira ta ci kaza cikin biyar.

Malam Ticha: Hajiya barka da sauka, Allah ya ba da lada. Ba sirar ake ba maki ba, ta fi ƙarfin haka, aikin marubucin ake dubawa, yadda ya tsara, yadda ya tace ruwayoyi, ko mai karatu yana iya bin sa. Shi kansa littafin ai a gasa ya fito, ƙungiyar Rabiɗa ta Makka ce ta shirya gasar rubuta sira, malamai suka auna littattafan da aka shigar suka ba shi na ɗaya. Kin ga su ma aunawa suka yi.

Hajiya Mai Gilashi: To Malam su malamai ne. Ni dai abin da zan ce, babin yaƙoƙi ya yi mini yawan sunaye da lissafin runduna har ina ɓacewa, amma shekarun Makka da tafiyar Ɗa'if na karanta ina share hawaye. Ku rubuta mini haka a madadin lamba.

Anti Admin: An rubuta Hajiya, mun gode. Toh sai na wata mai zuwa wanda zamu karanta tare, a kawo shawara, amma don Allah siriri, wancan karon rabin guruf basu gama ba

Mai Karatun Dare: Things Fall Apart

Uwar Biyu: Kowa ya karanta wannan ai, kuma in muka fara rigimar Okonkwo da Ikemefuna ni da Malam Abu Hanif sai an raba mu

Malam Ticha: Ku gwada Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Yaro ne aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. Ba shi da tsawo.

Autar Mama: Tsaya Malam, labarin sararin samaniya da Hausa tun 1969?? Ni na ɗauka sai Turawa

Abu Hanif: Na yarda da wannan

Ɗan Jami'a: Nima. Wa yake da kwafi?

Anti Admin: Shikenan an tsayar. Wanda yake dashi ya ara wa na kusa dashi ko a duba laburare, amma kar wanda ya turo min fayil ɗin sata a nan, zan goge.